Shekara Bakwai Muna Neman Amsar Tambaya Ɗaya

Wannan makon za mu ba ku labarin wata kunya ce da muka sha a ƙofar gida, mu 'yan majalisar da ke zama a bakin wani shago a Limawa, cikin garin Dutse, da kuma abin da kunyar ta jawo daga baya.

Ranar Juma'a 27 ga Yulin 2018 ce, bayan sallar isha'i. Damina ta kankama, gajimare yana rufewa yana buɗewa. Muna zaune ana shan shayi sai muka ji yara sun ɓarke da kiɗan gwangwani da murafen tukwane daga cikin lungu. Da muka ɗaga kai sai ga wata ya rine, ya koma ja kamar garwashin da ya fara mutuwa, ga kuma wani jan tauraro a kusa da shi. Nan da nan aka kunna lasifikar masallaci, manya suka nufi sallar husufi, mata suka fito zaure suna salati. Wannan husufin shi ne mafi tsawo a ƙarnin da muke ciki, domin wata ya yi awa 1 da minti 43 cikin inuwa. Mu dai a lokacin abin da ya dame mu shi ne ɗaukar hoto a waya.

Muna cikin haka sai kakar ɗaya daga cikinmu, wadda duk unguwa ke kira Hajiya Kaka, ta leƙo daga zaure riƙe da carbi. Ta dubi jikan nata ta ce, "Kai maigidana, kai da abokanka 'yan boko, ku zo ku faɗa mini. Na san ikon Allah ne, ba shi nake tambaya ba. Ta yaya abin yake faruwa? Kuma in inuwa ce ta rufe shi kamar yadda nake ji ana faɗa a rediyo, me ya sa ya yi ja? Ni dai tun da nake ban taɓa ganin jar inuwa ba."

Mu shida ne a wurin. Huɗu daga cikinmu sun yi ajin kimiyya a sakandare, biyu sun riga sun fara karatun difloma. Ɗaya ya soma bayani, kafin ya kai ƙarshen jimla ta biyu ya zame cikin Turanci. Wani ya karɓa, ya jero kalmomin da muka haddace don jarrabawa, shi ma ya tsaya. Batun ja kuwa babu wanda ya ko taɓa shi. Hajiya Kaka ta saurare mu har muka yi shiru don kanmu, sannan ta ce, "To, Allah ya yi muku albarka. Ashe kuɗin makarantar Turanci kawai aka sayo da su." Ta juya ta shige gida. Muka yi dariya, amma dariyar ba ta kai ciki ba.

Abin ya daɗe yana cin mu. Mun ci jarrabawa a kan wannan batu, wasunmu ma da kyakkyawan sakamako. Mun zana da'ira uku a takarda, mun ja layuka, malami ya ba mu maki. Amma ba mu taɓa riƙe abin a hannu ba, ba mu taɓa faɗarsa da harshen da muke mafarki da shi ba. Ilimin da ba za ka iya faɗa wa kakarka ba, anya ka san shi kuwa? Daga baya muka lura ba mu kaɗai ba ne. Garinmu cike yake da ilimin kimiyya, sai dai kusan duk yana bayan katanga. Ga Jami'ar Tarayya ta Dutse da aka kafa a 2011, ga kwalejin kimiyya da fasaha ta jiha, ga asibitin Rasheed Shekoni, ga tashar binciken dabino ta gwamnatin tarayya. Kullum ɗan acaɓa yana kai mutane ƙofar waɗannan wurare, ya sauke su, ya juya. Mai dabinon da ya gaji itatuwa daga kakansa yana iya tsufa bai taɓa zama da mai binciken dabino sun yi hira ba, alhali tsakaninsu bai wuce tafiyar 'yan mintuna ba. Ba mu ce laifin wani ba ne. Haka muka taso muka tarar: kimiyya ta ɗalibai ce, kuma ranarta ranar jarrabawa.

Da muka fara bincike sai muka ga wasu al'ummomin sun daɗe da fito da ita waje. A Landan akwai wata cibiyar kimiyya da tun 1825 take shirya laccoci na ƙarshen shekara domin yara da iyayensu, kuma har yau ana yi, in ban da 'yan shekarun yaƙin duniya na biyu. Wanda ya fi shahara a cikin masu gabatar da su shi ne Michael Faraday, mutumin da bincikensa ya buɗe hanyar samar da lantarki irin wanda janareto ke bayarwa. Faraday ɗan maƙeri ne, bai yi karatun boko mai zurfi ba, yaron shagon ɗinkin littattafai ne. A 1812 wani mai zuwa shagon ya ba shi tikitin shiga laccar wani masani mai suna Humphry Davy, daga nan rayuwarsa ta sauya. Da ya girma sai ya riƙa tsayawa gaban yara da kyandir guda, ya yi kwanaki yana nuna musu abin da ke faruwa in kyandir yana ci: ina kitsen yake tafiya, me ya sa harshen wuta yake miƙewa sama, me iska take yi a ciki. Duk lokacin da muka tuna wannan sai mu tuna yaran da ke garejin kanikawa da shagunan gyaran waya a Dutse. Wa ya san adadin irin Faraday da ke cikinsu, waɗanda ba su taɓa samun mai ba su tikiti ba?

A 1989 birnin Edinbara na Sukotland ya fara bikin kimiyya na shekara-shekara, inda ake fito da gwaje-gwaje fili, yaro da kaka su taɓa su tambaya. A 2008 aka fara wani babba a birnin New York na Amurka. Afirka ta Kudu tana da nata tun kafin shekarar 2000. A garin Leeds na Ingila kuwa, a 1998, wasu suka ɓullo da tsari mai sauƙi: masani ya zo wurin shan shayi, ya yi magana ta ɗan lokaci ba tare da allo ba, sauran lokacin na tambaya ne. Da muka karanta wannan sai muka kalli juna, domin ai majalisar mai shayi ce suka gano. A nan kusa da mu ma, Dakta Mahmoud Bukar Maina, masanin ƙwaƙwalwa ɗan jihar Yobe, ya daɗe yana ƙoƙarin kusanto da kimiyya ga jama'a, har aka kai ga buɗe cibiyar bincike da horarwa a jami'ar jihar da ke Damaturu. Ke nan ba sai an haye teku ba.

Kuma kada wani ya ce mana wannan baƙon abu ne a ƙasar Hausa. Muhammad al-Katsinawi, malamin lissafi da falaki, ya rubuta littafi a kan jadawalin lambobi a 1732, ya rasu a Alƙahira a 1741. A 1949 Abubakar Imam da Rupert East suka fitar da Ikon Allah, littafin da ya yi bayanin halittu da Hausa tsantsa. Har gobe akwai dattawa a ƙauyukan Dutse da Kiyawa da Birnin Kudu da ke riƙe da lissafin taurari 28, kowanne da kwana 13, suna sanin tauraron shuka da na marka da na sanyi. Sun san Kaza da 'Ya'yanta, sun san Zara, sun san Gamzaki. Masu dabinonmu sun san akwai namiji akwai mace, sun san in ba a kai wa macen garin furen namiji ba 'ya'yan ba za su yi kirki ba. Wannan duk lura ce da gwaji da adana sakamako, wato tushen kimiyya. Abin da ya faru shi ne an raba gari biyu: masu wannan ilimin suna waje, masu na makaranta suna ciki, kowa yana raina na ɗan uwansa.

Wani zai ce to mene ne abin damuwa, don tsohuwa ba ta san dalilin jan wata ba ai ba za ta fasa cin tuwo ba. Gaskiya ne. Amma rashin wurin tambaya yana da farashi, kuma mun sha biya. A Janairun 2001, da aka yi husufin wata, matasa a Maiduguri sun far wa otal-otal da wuraren shaƙatawa suna cewa zunubin masu wurin ne ya jawo, aka yi ƙone-ƙone. A 2003 aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano saboda jita-jita, sai a 2004 aka dawo da shi, cutar kuwa ta samu damar bazuwa har wasu ƙasashe. Mutanen da suka ƙi ba wawaye ba ne. Suna tune da gwajin maganin da kamfanin Pfizer ya yi wa yara a Kano lokacin annobar sanƙarau a 1996. Wanda aka taɓa cuta yana da haƙƙin ya yi tambaya. Abin da ya gyara lamarin shi ne zama da sarakuna da malamai da iyaye, ana bayani ana amsa tambaya, har a Agustan 2020 aka bayyana cewa Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta asali.

Wanda ya fi taɓa mu shi ne na Majiya, a ƙaramar hukumar Taura. A daren 15 ga Oktoban 2024 tankar mai ta faɗi, jama'a suka taru kwasar fetur, wuta ta tashi, sama da mutum 150 suka rasu. Allah ya jiƙansu, ya ba iyalansu haƙuri. Ba za mu taɓa cewa jahilci ne ya kashe su ba, domin talauci da tsadar rayuwa ne suka kai yawancinsu bakin kwatar. Amma a kwanakin zaman makoki mun yi ta jin mutane suna cewa ai wane yana nesa, bai ma taɓa man ba. Nan muka gane da yawanmu ba mu san cewa tururin fetur ne ke kamawa ba. Tururin ya fi iska nauyi, yana bin ƙasa yana kwanciya a kwata da rami, ya yi nisa da inda man yake, kuma tartsatsi ɗaya ya ishe shi. Bayanin bai fi minti biyar ba. Haka batun kaskon gawayi a rufaffen ɗaki lokacin hunturu, ko janareto a cikin zaure: iskar da ke kisa ba ta da launi ba ta da wari, mutum barci kawai zai ji yana ɗaukarsa. Haka ƙwayar da ake jefawa a buhun wake, a ajiye buhun a ɗakin da yara ke kwana. Duk waɗannan suna cikin littattafan da muka karanta, amma ba su fito daga littafin sun shigo unguwa ba.

Bayan Majiya muka daina cewa ya kamata gwamnati ta yi. Muka duba kalandar masana falaki muka ga za a yi husufin wata ranar Lahadi 7 ga Satumban 2025, kwana biyu bayan hutun Maulidi, kuma a wajenmu watan zai fito ne da magariba yana cikin inuwa. Muka ce ga damarmu. Abu na farko da muka yi shi ne zuwa wurin limamin masallacinmu, don a unguwa irin tamu, wadda sunanta ma limanci yake nunawa, ba a fara irin wannan a bayan idon malamai. Muka durƙusa muka gaishe shi, babbanmu ya ce, "Allah gafarta Malam, muna so ne mu tara yara da duk mai sha'awa bayan la'asar ranar Asabar, mu nuna musu yadda husufi yake faruwa, tun da gobensa za a yi." Malam ya yi shiru, sannan ya tambaye mu ko za mu ce wa mutane kada su yi salla. Muka ce a'a, mu ma a sahu za a gan mu. Ya ce to ku je, ni ma zan zo in ji.

Kayan aikinmu tocila ce mai ƙarfi, da ƙwallon yara, da lemo guda. Muka sami wani zaure mai duhu, muka shimfiɗa tabarmi har waje. Mun zaci yara goma za su zo. Kafin mu fara wurin ya cika: 'yan firamare, almajirai da allunansu, wani mai gyaran rediyo, masu kayan miya biyu, dattawa a kan benci, mata kuma daga cikin gida suna leƙe ta bayan labule. Tocila ta zama rana, ƙwallo ta zama duniya, lemo ya zama wata. Muka ba wani almajiri lemon ya riƙa zagaya ƙwallon a hankali. Da ya iso bayan ƙwallo, inda haske ba ya kaiwa, lemon ya yi duhu, sai wurin ya ɗauki "Allahu akbar". Muka ce to kun ga husufin wata: duniya ce ta shiga tsakani, inuwarta ta faɗa kan wata, shi ya sa ba a yin sa sai wata ya cika, daren 14 ko 15. Da yaron ya zagayo tsakanin tocila da ƙwallo, inuwar lemo ta faɗa kan ƙwallon, muka ce wannan kuma husufin rana, shi ya sa ba a yin sa sai a ƙarshen wata. Wani dattijo ya ce tabbas, wanda aka yi a 2006, ranar da gari ya yi duhu da hantsi a Gusau da Katsina da Maraɗi, a ƙarshen watan Safar ne.

Mai gyaran rediyo ne ya fara kama mu. Ya ce, "Malamai, in haka ne ai kowane wata sai an yi husufi biyu, tun da kullum yana zagayawa." Mun ji daɗin tambayar don mun shirya mata. Muka sa yaron ya ɗan ɗaga lemon sama kaɗan in ya zo baya, ya ɗan sauke shi in ya zo gaba. Hanyar wata a karkace take da kimanin digiri 5, saboda haka yawancin watanni yana wucewa ne ta saman inuwar ko ta ƙasanta, sai lokacin da ukun suka daidaita a layi ɗaya. Ya gyaɗa kai ya ce kamar eriya ce, in ba ta saitu ba ba za ta kama tasha ba. Wallahi misalinsa ya fi namu, kuma tun ranar shi muke amfani da shi.

Sai wani dattijo daga kan benci ya yi gyaran murya ya ce, "Yara, ina da magana. Kun ce gobe da magariba za a yi. Wannan ba shiga gaibu ba ne?" Wurin ya yi tsit, mu kuma gabanmu ya faɗi. Kafin mu buɗe baki Malam ya ce, "Alhaji, kalandar lokutan salla da ke manne a bangon masallaci, wadda ta gaya maka ƙarfe nawa rana za ta faɗi ranar Sallah mai zuwa, gaibu ce? Allah ya sa rana da wata suna tafiya da lissafi, wanda ya koyi lissafin zai san lokacin." Ya kuma tunatar da jama'a abin da ya zo a Bukhari da Muslim, cewa an yi husufin rana ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya rasu, mutane suka danganta abin da rasuwar, Annabi ya gyara musu cewa ba a yin husufi don mutuwar wani ko rayuwarsa, ya umarce su da salla da addu'a. Da mu ne muka faɗi haka, da wataƙila an ce yaran boko sun zo da sabon abu. A ranar muka koyi cewa irin wannan zama ba ya tsayuwa da ƙafa ɗaya.

Ba za mu ɓoye inda muka gaza ba. Wani abokinmu da muka gayyato don ya yi bayanin jan tauraron nan na 2018, wato duniyar Mas, ya riƙe magana fiye da rabin awa, rabinta Turanci, har yara suka fara jifan juna da ɓawon gyaɗa. Mata ba su sami damar tambaya ba sai ta hanyar aiko yara, kuma babu mace ko ɗaya a cikin masu bayani, alhali muna da 'yan uwa mata da suka karanta aikin jinya da haɗa magunguna. Wata yarinya 'yar aji huɗu ta aiko da tambayar me ke riƙe da wata bai faɗo ba, muka ba da amsar da mu kanmu ba ta gamsar da mu ba. Mun dai yi abu ɗaya daidai: da aka tambaye mu abin da ya fi ƙarfinmu, mun ce a ba mu mako guda mu tambayo. A da kunyar faɗin haka muke ji. Yanzu mun gane ita ce kalmar da ta fi sa mutane su yarda da sauran maganarka.

Washegari da magariba, bayan an idar da salla, jama'a suka tsaya suna duban gabas. Da gajimare ya yaye sai ga shi, jajir, daidai lokacin da aka faɗa. Yara sun buga gwangwaninsu kamar kullum, don ba mu hana su ba, kuma ba mu ga dalilin hanawa ba. Amma mun ji wani almajiri yana gaya wa ɗan uwansa cewa duniya ce ta tare. Aka yi sallar husufi, sahu ya fi na kowane lokaci cika.

Bayan isha'i muka shiga wurin Hajiya Kaka da tocilarmu da lemonmu. Shekara bakwai sun wuce, idonta ya yi rauni, yana ta rufe shi, ba ta iya ganin watan. Muka gaishe ta, jikanta ya ce, "Hajiya, mun kawo amsar tambayarki." Ta ce wace tambaya, ita ta yi tambayoyi da yawa a duniya. Muka tuna mata. Muka sa mata lemon a hannu, muka ce hasken rana da muke gani fari, launuka ne a haɗe, irin waɗanda ke bayyana a bakan gizo. Duniya kuma tana lulluɓe da iska. In hasken ya ratsa gefen wannan iskar, sai shuɗin ya warwatse a hanya, jan ya wuce, iskar ta lanƙwasa shi ya faɗa cikin inuwar har ya kai ga wata. Shi ne dai jan da take gani a gabas da asuba da kuma yamma in rana za ta faɗi. Ta jujjuya lemon ta ce, "Wato jan almuru ne yake haska shi." Muka ce shi ke nan, Hajiya, kin faɗa a kalma bakwai. Ta ce, "Shekara bakwai kuna neman wannan? Da aike ne da tuni an yi muku duka." Sannan ta ce tun da mun fara hankali, mu je mu tambayo mata mece ce wannan yanar da ta rufe mata ido, kuma da gaske ne ana cire ta mutum ya koma gani. Zamanmu na biyu a kan wannan aka yi shi, wata ma'aikaciyar jinya 'yar unguwa ce ta yi bayani a tsakar gida, mata a gaba, mu a baya.

Yanzu ga abin da muke roƙo, musamman ga 'yan uwanmu marubuta. Muna shirya gasar gajerun labarai da karatun waƙa, muna cika zaure da jama'a, ke nan mun iya tara mutane kuma mun iya sarrafa harshe. Malamin jami'a ya san abin, amma sau da yawa ba shi da Hausarsa. Mu muna da Hausar, ba mu da zurfin. In aka haɗa mu za a sami abin da ake nema. Ba sai an jira babban biki mai rumfuna da manyan baƙi ba, irin wanda ake cinye rabin yini ana gabatar da masu girma. A fara da zama ɗaya a wata, minti 15 na bayani, sauran na tambaya, kuma kowane bayani ya zo da abin da za a taɓa da hannu. A zaunar da mai dabino da mai binciken dabino a tabarma ɗaya. A kawo madubin ganin ƙananan halittu a ɗiga ruwan kududdufi, iyaye su leƙa da idonsu, a ga ko za a sake yin gardama a kan tafasa ruwa lokacin kwalara. A hau duwatsun da suka ba garinmu suna tare da masanin ƙasa ya faɗa mana yadda aka yi suka tsaya a nan. A kai yara Birnin Kudu su ga zanen shanun da mutanen da suka yi a jikin dutse. A kira dattijo mai lissafin taurari da masanin yanayi su gwada abin da kowa ya sani game da saukar damina. In waɗannan zaman suka yi shekara suna gudana a Limawa da Garu da sauran unguwanni, ranar da aka ce za a yi bikin kimiyya na Dutse ba za a rasa masu zuwa ba, don an riga an saba.

Akwai ranar da muka sa a gaba. Ranar Litinin 2 ga Agustan 2027 za a yi husufin rana wanda zai rufe ta ruf a wasu sassan arewacin Afirka da Makka da Jidda, mu kuma a nan za mu ga an ɗan gutsure ta. Duban rana kai tsaye yana ƙona ido ko da husufi ake yi, kuma baƙin gilashi na kwalliya ba ya karewa. Amma in ka huda ƙaramin rami a kwali ka bar hasken ya faɗa ƙasa, ko ka duba inuwar ganyen darbejiya a tsakar gida, za ka ga siffar ranar a gutsure ba tare da ka ɗaga kai ba. Muna so kafin ranar a ce kowace makarantar allo da ta boko a unguwarmu akwai wanda ya san wannan kuma zai iya nuna wa na kusa da shi.

Duk wanda yake da irin wannan zama a garinsu, ko yake da tambayar da ya daɗe yana riƙe da ita bai sami wanda zai yi wa ba, muna son ji. Tocilarmu da ƙwallonmu suna nan, lemo ne kawai sai an sake saye, don Hajiya Kaka ta shanye wancan. Allah ya ƙara mana ilimi mai amfani, ya jiƙan magabatanmu. Sai mun ji daga gare ku.